Mun Baro Manaja a Marsay

A Agadas na fara ganin tsoro a fuskar Manaja Rabe. Shekara shida ina tare da mutumin nan, na gan shi a gaban 'yan sanda, na gan shi a gaban mashaya masu neman rigima, ban taɓa ganin ya haɗiye yawu kafin ya yi magana ba sai ranar. Muna tsaye da hantsi a bakin gari, inda gidajen ƙasa suka ƙare. Ya dubi arewa, babu komai sai rairayi da baƙaƙen duwatsu, sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Samari," in ji shi, "wanda duk ke son komawa shi hwaɗi yanzu. Ba ni riƙe kowa a rai."

Iro ya ci gaba da ɗaure gangunansa a saman mota kamar bai ji ba.

Mu huɗu ne. Lawal mai waƙa da jita, Iro mai ganguna, ni Sada mai babbar jitar nan da ake ce wa bes, sai shi Manaja wanda bai iya kaɗa ko gwangwani ba. Sunan ƙungiyarmu Tartsatsi. Matasan yanzu ba su san mu ba, amma a wancan zamanin in an ce za mu yi wasa a Kano ko Jos ko Maraɗi, tun da rana ake cika wuri.

Rabe ɗan kamasho ne a tashar mota, gidansa a Ƙofar Sauri, ya girme mu da shekara goma sha biyar ko fi. Ranar da ya fara jin mu, wani direba ya raka zuwa kulob ɗin ma'aikata a GRA, inda muke wasa ranar Asabar da yamma. A lokacin aikinmu kwaikwayo ne. Mu saurari faifan Turawa masu kiɗan rok har mu haddace, mu hau dandali mu maimaita, ga suma a tsaye, ga wando mai faɗin ƙafa. Da muka sauko sai ya tare Lawal.

"Waƙar ga da ka gama yanzu, mi ka ce a cikinta?"

Lawal ya yi dariya ya ce shi ma bai sani ba.

"To ni jitarku ta shiga mani har ƙashi, amma bakinka bai gaya mani komi ba. Ku bar kiɗin yadda yake. Bakin za mu maido gida."

Waƙarmu ta farko da Hausa a kan wani jaki ce da ya ƙi wucewa ta Ƙofar 'Yandaka ranar kasuwa. Lawal ya yi ta da Katsinanci tsantsa, jita tana kururuwa a bayansa. Mutane suka fara dariya, kafin a kai tsakiya sun miƙe. Tun daga ranar Rabe ya bar tasha ya zama namu. Shi ke nemo wuri, shi ke duba janareta, shi ke hana mu hawa dandali da takalmi mai datti. In lokacin salla ya yi, ko ana tsakiyar rawa sai ya zare waya. Mahaifina malamin zaure ne a Ƙofar 'Yandaka, ya rantse ba zan ƙara taɓa jita ba. Rabe ya yi sati guda yana zuwa bayan asuba, ya gaishe shi, ya zauna a bakin tabarma bai ce komai ba, har hantsi ya tashi ya tafi. A rana ta takwas Malam ya ce, "Wai kai ba ka da aiki ne?" Ya ce, "Aikin ke nan, Allah shi gafarta Malam." Ranar ce aka sake ni.

Abin da ya fitar da mu daga gida siyasa ce. Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula ce, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, gari ya cika da tutoci da motoci masu lasifika. Kowace jam'iyya tana son Tartsatsi a bayan motarta. Wani Alhaji babba ya aiko har sau uku. Rabe ya je da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, masu rawa gabanmu ba mu taɓa tambayarsu jam'iyya ba. In mun hau motarka rabin garin ga sun daina jin mu." Alhaji ya ce ba komai. Daga wannan satin aka fara soke mana wasa, yau a ce wuri ya lalace, gobe a ce ba izini. Wata uku ba mu kunna amsa-kuwwa ba. Ana cikin haka takarda ta zo daga wani Bafaranshe da ya taɓa ganin mu a Maraɗi. Ya ce mu same shi a Marsay, can ƙasarsu a bakin teku, zai buga mana faifai. Jirgin sama ya fi ƙarfinmu da kayan kiɗa, shi ya sa muka ɗauki tsohuwar bas ɗinmu muka nufi hamada.

A Agadas ɗin muka ɗauki ja-gora, wani mutum mai zaƙin baki da ya ce shi da hanyar nan kamar tsakar gidansu. Kwana uku ya ja mu lafiya. A rana ta huɗu mota ta fara shaƙewa. Ya buɗe jarka ya sansana, ya girgiza kai, ya ce an cuce mu, an gauraya mana fetur da ruwa. Ba a jima ba sai ga wata ƙaramar mota ta ɓullo, ya ce Allah ya taimake mu, mutanensa ne. Zai bi su da jarkokin zuwa rijiya ta gaba ya musanyo mana mai kyau, kafin la'asar ya dawo. Mu da kanmu muka taya shi lodi. Rabe, wanda ya yi shekara goma a tasha, wanda babu dabarar ɗan hanya da bai sani ba, har hannu ya ɗaga masa.

La'asar ta yi, ta wuce. Gari ya waye, ya sake wayewa.

Mun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota muna bin inuwa tana juyawa. Ruwan da ya rage jarka ɗaya ce ƙarama. Manaja ne ke rabawa da murfin kwano, safe da rana da yamma. Kullum sai ya ce shi ya riga ya sha nasa. A rana ta biyu Iro ya kama hannunsa.

"Manaja, tun jiya ina kallonka. Murfin kake kaiwa baki ka maido shi cike."

"Kai Iro, ka cika sa ido. Ni tsoho ne, ba ni zufa kamarku."

Iro ya ce wallahi in bai sha ba shi ma zai zubar da nasa a ƙasa. Sai da Manaja ya ga ya karkata murfin da gaske sannan ya karɓa. Amma leɓɓansa sun riga sun tsage, kuma daga nan ne wani busasshen tari ya kama shi wanda bai sake shi ba.

A rana ta uku da azahar muka ji gurnani daga kudu. Babbar mota ce shaƙe da tumaki. Direban Buzu ne mai suna Ilyasu, dogo, ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu. Bai tambaye mu komai ba sai da ya ba mu ruwa kaɗan-kaɗan da dabino. Ya duba motarmu, ya ce fetur ɗin da muke da shi tun farko lafiyarsa lau, rairayi ne ya toshe mata numfashi. Tasa ba ta shan irin man tamu, kuma ba zai iya jan ta ba. Zai ɗauke mu da kayanmu, bas kuwa sai dai mu bar wa Allah. Rabe ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa inda aka rubuta sunanmu da jan fenti, ya hau cikin tumaki bai waiwaya ba.

Da muka tsaya shan shayi da la'asar, Ilyasu ya nuna akwatin jita ya ce bindiga ce? Muka ce a'a. Ya ce to a nuna masa. Muna da wata ƙaramar amsa-kuwwa mai aiki da batir, na jona ta da na motarsa. Iro ya kifa kwano a cinya. Lawal, da muryar da ƙishirwa ta dushe, ya yi wata waƙarmu a kan mai jiran damina. Ban taɓa jin jitarsa ta yi irin wannan amo ba, babu bango, babu rufi, sautin yana tafiya ba ya dawowa. Da ya gama Ilyasu ya dubi jitar. Can ya ce, "Ban san ƙarfe yana kuka ba." Ya ƙara mana shayi zagaye na huɗu, abin da ya ce ba ya yi wa kowa.

Ya sauke mu a Tamanraset, a ƙofar wata mata 'yar Tasawa mai sayar da abinci, Hajiya Dije. Muna yin sallama ta ɗago kai ta ce, "Katsinawa! Mi ya kawo ku nan?" Ta zuba mana tuwon dawa da miyar kuka. Na kai loma ta farko baki, daddawar ta bugi hancina, sai kawai na ga tsakar gidanmu, na ga innata tana tankaɗe a gindin darbejiya. Hajiya ta ga abin da ke faruwa, ta juya baya tana ta motsa tukunyar da ba ta bukatar motsawa har na share fuska.

A rumfarta muka ji an rantsar da gwamnatin farar hula. Wata tsohuwar rediyo gare ta, sai an riƙe wayarta sama take magana. Muka ji mai ba da labari yana cewa soja sun koma bariki, ana ta shagali a garuruwa. Lawal ya ajiye kofinsa da ƙarfi.

"Ana can ana buɗe sabuwar ƙasa, mu muna nan muna wari kamar tumaki. Da mun hau motar Alhaji da yanzu mu ne a gaban gwamna."

"Gaskiya ne," in ji Manaja. "Da yanzu kuna gaban gwamna. In ya gama da ku kuma wa zai saurare ku?"

"Nan ɗin wa ke sauraronmu?"

Tari ya sarƙe Manaja. Hajiya Dije ta jiƙa masa citta da kanumfari, ta kuma ɗaure mana garin kuka da daddawa a ƙyalle, ta ce can inda za mu ba a san su ba.

Daga nan zuwa Aljer, babban birnin Aljeriya da ke bakin teku, kwana da kwanaki ne a motocin haya, kaya a cinya, kowane shinge a sauke mu a buɗe ganguna a leƙa ciki. A Aljer muka yi kwana tara muna bin layi a ofishin takardun jirgi. Manaja ba ya jin Larabci sai na salla, ba ya jin Faransanci ko kaɗan, amma kullum shi ne na farko a bakin taga, da hularsa a karkace, yana murmushi yana miƙa fasfo huɗu. Ina jin gajiya da fuskarsa ce ta sa suka buga hatimi.

Ranar da muka shiga jirgin ruwa ita ce ranar da na ga ya fi kowace farin ciki. Mu uku muna kwance muna amai, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙarfe, iska tana kaɗa rigarsa, yana ƙirga tsuntsaye. Ya zo ya tashe ni ya ce, "Sada, taso ka gani. Duk wanga ruwa, kuma ba mai shi. Da za a ba mu kwatarsa a kai Katsina!" Har wata 'yar waƙa ya ɗauko da muryarsa marar daɗi, Turawan da ke kusa suna dariya, shi ma yana yi.

Marsay ta tarbe mu da sanyin da ban san akwai irinsa ba, mai shiga ta tafin ƙafa. Bafaranshen ya zo da kansa. Kowa Mushe yake ce masa, wato maigida da harshensu, mu ma muka bi, ko da yake Iro ba ya iya faɗa sai ya danne dariya. Ya sauke mu a wani ɗaki a saman shagonsa, ya ba mu riguna masu kauri, ya yi ta rungumar Manaja. Kwana uku muka yi a ɗakin ɗaukar sauti, muka zuba waƙa goma, mafi kyawun abin da muka taɓa yi. A rana ta uku ya kawo takarda shafi huɗu da Faransanci. Dokar Manaja ce tun a gida ba ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ba. Amma ranar zazzaɓi yake, jikinsa yana rawa, ga mutumin da ya ba mu masauki yana tsaye yana murmushi da alƙalami a hannu. Ya sa.

Kashegari aka kira mu ɗaukar hoton bangon faifai. Muka saka kayanmu na wasa, muka goge takalma. Muna shiga muka tarar an baza fatun damisa na ƙarya da su mashi na katako. Mushe ya yi mana nuni mu tuɓe riguna mu ɗaura. Wani ɗan Nijar da ke yi mana tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, wai mutanen nan ba za su sayi faifan baƙar fata mai takalmi ba.

Manaja ya ɗauki fatar da yatsa biyu ya duba ta, ya mayar a hankali.

"Gaya mashi garinmu ya yi shekaru ɗaruruwa ana karatu da rubutu a cikinsa. Wanga ɗan malami ne, wancan ubansa maɗinki ne. Ban ɗauko ɗiyan mutane daga gidajensu don in tuɓe su gaban baƙi ba."

Mushe ya daina murmushi. Ya ɗauko takardar nan ya buga a tebur. Sai a lokacin tafinta ya karanta mana: waƙoƙin goma nasa ne, sunan Tartsatsi nasa ne, yadda ya ga dama zai fito da mu. Kafin azahar kayanmu suna kan titi.

Ban taɓa ganin kunya ta ci mutum kamar yadda ta ci Manaja ranar ba. Ya zauna a kan akwatin ganga a bakin hanya, mutane suna ratsa mu, ya ce, "Sau biyu ke nan. Na hamada na ce ƙaddara ce. Wanga kuwa hannuna ne."

Wanda ya tsince mu wani tsoho ne ɗan Senegal, Baba Sise, shugaban 'yan dako a tashar jiragen ruwa. Tsohon soja ne, ya zauna da 'yan Damagaram a bariki, ya tsinci Hausa kaɗan. Ya ji muna magana sai ya tsaya ya ce, "Sannu, sannu. Ina gida?" Ya kai mu wani ɗaki a ƙarƙashin bene inda mutum shida ke kwana, aka matsa mana. Ya sama mana, ni da Iro, aikin sauke akwatunan kifi. Yatsun da nake kaɗa bes da su suka tsattsage, gishiri yana shiga. Ranar Juma'a mukan kaɗa miyar kuka da garin Hajiya Dije, mu zuba a kan shinkafa, 'yan ɗakin su yi ta mamakin yauƙinta. Muna cin ta kaɗan-kaɗan kamar magani. Ranar da garin ya ƙare Iro ya wanke ƙyallen a cikin tukunya.

Abin da na fi kewa ba abinci ba ne, gaisuwa ce. A can mutum zai wuce ka da kalma ɗaya. Sai na riƙa tuna yadda daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi sai ka yi rabin sa'a, wannan ya tambaye ka kwana, ya tambaye ka gajiya, ya tambayi Malam da jiki, ya tambayi har akuyar da ta haihu. Wata rana na kama kaina ina gaida akwatin kifi a raina, ina amsa wa kaina.

Manaja kuwa ya koma sana'arsa ta zama a ƙofa. Kowace safiya sai ya saka rigarsa mai kyau ya tafi shagon Mushe, ya zauna a dakalin waje cikin sanyin nan, yana jiran a ba shi waƙoƙinmu. Ba ya rigima, ba ya roƙo. In Mushe ya zo wucewa ya miƙe ya gaishe shi. Mun hana shi, ya ƙi. Amma Mushe ba mahaifina ba ne.

A sati na uku Lawal ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya kasa shigowa. Ya ce Mushe ya neme shi. Zai fito da shi shi kaɗai, da makaɗa Turawa, kuma ya yarda ba zancen fata. Iro ya miƙe zai shaƙe shi, na riƙe shi. Duk muka dubi Manaja, muna jiran ya yi tsawa.

Ya ce, "Kawo rigar da za ka sa."

Ya ari dutsen guga a wurin maƙwabta, ya shimfiɗa bargo a ƙasa, ya goge rigar nan lungu-lungu yana tari, yana magana bai ɗago ba. "Kowace takarda a karanta maka sau biyu, bakin mutum biyu da ba su san juna ba. Kada ka sha abin da ba ka sha a gida. In sun ce ka yi da Turanci, yi masu ɗaya, tara ka yi da naka. Muryar taka ce, Lawal, ba ni na ba ka ba. Tahi."

Lawal ya karɓi rigar yana kuka kamar an yi masa duka. Da ya fita Iro ya ce, "Manaja, haka za ka bar shi?" Ya ce, "Na kai ku inda ban iya fisshe ku. In ɗaya ya ga ƙofa in tare?"

Bai daina zuwa dakalin ba. Akwai wata mata mai buga tafireta a shagon, farar tsohuwa mai tabarau, wadda ba ta taɓa ce masa komai ba sai dai wani lokaci ta ajiye masa kofin gahawa ta koma. Wata safiya ta fito kamar za ta zubar da shara, ta saka masa wani abu a aljihu, ta ɗora yatsa a leɓe. Kaset ne. Ta kwafe waƙoƙin goma duka a ɓoye. Ya iso ɗaki da shi a ƙirji, yana haki, fuskarsa tana haske. Bai kai ga zama ba ya faɗi.

Baba Sise ne ya kai shi asibiti. Suka ce huhunsa duka biyu sun kamu, an makara. Kwana biyar ya yi. A rana ta huɗu ya ce yana son ya ji kaset ɗin. Wata ma'aikaciyar jinya ta aro mana rikoda, muka sa a hankali kusa da kunnensa. Ya rufe ido yana kaɗa yatsa a kan bargo. Da aka zo waƙa ta uku sai ya buɗe ido ya harari Iro.

"Ka yi sauri a nan. Kullum ina gaya maka."

Iro ya ce, "Na yi sauri, Manaja."

"Amma ta yi kyau." Ya kama hannuna. "Sada, ku koma gida. Kada ku tsaya don ni. Ku kai wanga tasha, ku ba direbobi. Su za su kai shi inda Mushe bai taɓa jin suna ba."

Kashegari da azahar ya cika, ni da Iro muna gefensa, Baba Sise yana karanta masa kalmar shahada. Ni na yi masa wanka. 'Yan dako sun fi talatin suka bar aiki suka zo, mutanen Senegal da Mali da Aljeriya, babu wanda ya san shi sai a ɗakin nan, suka yi sahu a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a kan tudu. Lawal ya zo cikin wata doguwar riga baƙa, ya shiga ramin da kansa ya karɓe shi. Bai biyo mu gida ba. Ya yi suna daidai gwargwado a can, kuma na ji an ce har ya tsufa bai daina waƙa da Katsinanci ba. Faifan Mushe kuwa bai taɓa fitowa ba.

'Yan dakon nan ne suka haɗa hannu suka sa mu a jirgi. Muka iso Katsina ana gab da damina. Hotunan 'yan takara sun koɗe a jikin bangaye, waɗanda suka hau motocin jam'iyya da kiɗa an riga an manta da su. Muka kai kaset tasha kamar yadda ya ce. Kafin shekara ta zagayo, in ka shiga mota daga Jibiya zuwa Funtuwa sai ka ji mu. Ba mu sake hawa dandali ba, ni na buɗe shagon gyaran rediyo, Iro ya koma ɗinki. Amma samarin da suka taso suna sa Hausa a kan jita daga kaset ɗin nan suka koya, kuma har yau in mai kula da mawaƙa ya hana yaransa sa hannu a takardar da ba su karanta ba, tsofaffin harkar sukan ce ya yi irin ta Rabe. Ba su san da me ya sayi wannan darasin ba.

Duk wannan daga baya ne. Ranar da muka iso, kafin in je gidanmu, Ƙofar Sauri na nufa wurin matarsa, Gwaggo Hassu. Saƙo ya riga mu zuwa, har ta fita takaba. Na same ta a tsakar gida tana gyaran wake. Na durƙusa, muka gaisa, gaisuwar da na yi wata bakwai ina kewa, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni gajiya, ta tambayi Iro. Na yi mata gaisuwar rashi, ta ce sai haƙuri. Ta kawo mini ruwa. Sannan ta ajiye faranti ta gyara zama.

"Sada, faɗa mani tahiyar. Tun daga Maraɗi. Inda duk ya kwana, da abin da ya ci."

Na fara. Na ba ta labarin ja-gora, da murfin kwano, ta ce, "Halinsa ne." Na ba ta na Ilyasu da tumakinsa, da tuwon Hajiya Dije, ta tambaya ko ya ci da yawa, na ce ya ƙara. Na kai ta Aljer, na shigar da ita jirgi, na gaya mata yadda ya tsaya a bakin ƙarfe yana waƙa Turawa suna dariya. Ta yi dariya ita ma har ta share ido da bakin mayafi. Na buɗe baki zan ce muka sauka a Marsay, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. La'asar ta yi. Juma'a ka dawo."

Juma'a na dawo, na zauna zan ɗora daga inda na tsaya. Ta ce, "A'a. Faro daga Maraɗi."

Shekara goma sha ɗaya ina zuwa gidan nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Wani lokaci ta tsayar da ni a hamada ta yi tambaya, wani lokaci mu daɗe a rumfar Hajiya Dije. Amma kullum in mun kai jirgi, yana tsaye iska tana kaɗa rigarsa, sai ta ɗaga hannu ta ce la'asar ta yi. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa bari na sauke shi daga jirgin nan ba.